Ranar da Bayan Arzika Ya Taɓa Ƙasa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin fadama, tun zamanin da ƙafa da jaki su ne abin tafiya, ana ce masa Arzika. Ku saurara da kyau, 'ya'yana, ku matso, don akwai wuraren da ba zan so in ɗaga murya ba.

Arzika ɗan kokawa ne. Da damina manomi ne kamar kowa, amma da an ɗaure dawa an kai rumbu, makaɗa sun fito da ganguna, to ba ka ganinsa sai a fage. Shekara goma sha tara yana shiga fage, a garinsu da garuruwan kewaye, bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ko sau ɗaya. Makaɗinsa, wani tsoho mai suna Mantau, shi ya yi masa take, shi ya laƙaba masa Kututture. In ya ɗora hannu a kan ganga sai ya rangaɗa: Kututture mai tare hanya, wanda ya gan ka ya kewaye. Kun kuwa san ɗan kokawa da takensa. Ko loma ce a hannunsa, in aka buga, ajiye ta zai yi ya miƙe.

Ba ƙarfin ne ya sa ake tuna shi ba, masu ƙarfi nawa aka yi aka manta. Sauran 'yan kokawa in sun shigo, damatsansu cike da kambu da layu har ba ka ganin fata. Shi walkinsa kawai da bisimilla. In ya kayar da mutum ba ya tsalle a kansa, hannu yake miƙa masa ya tashe shi, ya kakkaɓe masa ƙasar baya. In kuma wani ya tsokane shi a kasuwa, sai ya yi murmushi ya ce shi bai taɓa kayar da wanda bai shigo fage ba.

Akwai wani Barmo, ɗan garin, mai lambun albasa a fadama. Sau bakwai suna kamawa, sau bakwai Barmo na shan ƙasa. Barmo yakan ce kayen bai taɓa yi masa zafi kamar kakkaɓewar nan ba, a gaban mata da yara ana karkaɗe shi kamar tabarma.

A gida kuwa matarsa ɗaya ce, Ige. Sun haihu sun haihu, Allah ya karɓi abinsa, ya bar musu 'ya ɗaya, Yalwa, aka aurar da ita a wani ƙauye hayin fadama.

Mantau ya rasu da bazara. Aka rataye gangarsa a zauren gidansa, ba mai taɓawa, har ɓera ya cinye fatar. Da kakar shekarar, Arzika na ɗora dami a rumbu, sai ya ji hannun dama ya sake shi, ƙafar dama ta bi. Ya sulale ya zauna jingine da rumbun. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Masu zuwa dubiya suna fita suna cewa, kun ga, ko ciwon bai kai bayansa ƙasa ba, a zaune ya same shi.

To a nan aka fara wata kokawar. Mutumin da ke ɗaga turmi da hannu ɗaya don motsa jini, yanzu ludayi ne abokin karawarsa. Wata uku Ige na ba shi abinci a baki. Ranar da ya fara ci da hagu ya yi kuka, sai da liman ya zo ya ce masa lalura ce, Allah ya san da ita. Ya koyi alwala da hannu ɗaya. Ya sa aka sassaƙa masa sanda, yau taku uku, jibi taku biyar, sai da ya shekara kafin ya kai masallacin ƙofar gida, taku arba'in. Maganarsa kuwa Ige kaɗai ke ganewa a karon farko, saura sai ya maimaita. Bai taɓa cewa don me ni ba. In an ce ya jiki, sai ya ce ɓari ɗaya aka karɓa, aka bar masa ɗaya, da wane baki zai yi ƙorafi.

Barmo in ya zo wucewa da jakinsa ya gan shi jingine a ƙofar gida, sai ya ce, "Kututture, gara ta ci ka ke nan." Arzika ya ɗaga masa hannun hagu ya ce Allah ya ba da sa'ar kasuwa.

A shekara ta biyu ne ya fara jin gangar.

Ba da dare ba, kada ku ce mafarki ne. Da tsakar rana, lokacin nan da gari ke yin tsit, kaji su shige ƙarƙashin rumbu, ko kare ba ya fita. Daga can wajen tsohon fage, inda wata tsamiya take, sai ya ji takensa. Hannun Mantau ne, ba wani ba, har da 'yar tsayawar nan da yake yi kafin ya sake bugu. Ya tambayi Ige ko ta ji, ta ce ba ta ji komai ba. Amma ta ga abu ɗaya: duk lokacin da ya ce ana bugawa, yatsun hannun nan da ya mutu sai su yi motsi kaɗan, kamar ƙafar kaza da aka yanka.

Rana ta bakwai da fara jin gangar, wani mutum ya shigo har tsakar gida. Bai yi sallama ba, gyaran murya ya yi. Dogo ne, da riga fara, ƙasan rigar kuma gefen walki na leƙowa irin na 'yan kokawar da. Akuyar gidan ta dinga fizgar igiya har turken na motsi. Arzika na jingine da bango ya dubi ƙafafun baƙon. Ko da rana ta take tsaka, mutum ba ya rasa 'yar inuwa a gindin ƙafarsa. Wannan ba shi da ita.

Baƙon ya tsuguna ya kira shi da Kututture. Ya lissafa masa kokawarsa ɗaya bayan ɗaya, gari da gari, har wadda shi kansa ya manta. Sannan ya fito da wani ƙulli a tsumma ya ce abin mai sauƙi ne. A jiƙa a sabuwar ƙwarya, a wanke ɓarin da ya mutu, a kai ruwan wankan a zuba a kan hanya da tsakar rana, can gindin tsamiya inda hanya ta matse tsakanin shinge biyu. Wanda ya fara tsallakawa ya ɗauki ciwon. In kuwa har aka kira la'asar ba wanda ya tsallaka, ciwon zai komo wa mai shi, kuma ba zai komo shi kaɗai ba, zai zo neman ɓarin da ya rage.

Arzika ya ce, da karkataccen bakinsa, "Wa zai tsallaka?"

Baƙon bai nemi a maimaita masa ba. Ya ce, "Hanya ba ta rasa mai bi."

"Ban taɓa kayar da wanda bai shigo fage ba," in ji Arzika. "Ɗauki kayanka."

Baƙon ya yi murmushi, ya ajiye ƙullin a kan turmi, ya fita. Ige ta fito daga bayan zana, inda ta ji komai, ta ɗauke ƙullin ta ce za ta jefa shi a murhu. Da ta share tsakar gida da yamma, sawun kaji ta gani da na akuya, ba ta ga na mutum ba.

Ke mai gyangyaɗi a jikin bango, farka, nan ne wurin.

Kwana uku bayan haka, ranar kasuwar garin, Ige ta makara da wankansa har hantsi ya wuce. Da ta kawo ruwan sai ya ji wani wari, kamar na ƙasar da aka haƙo daga rami mai zurfi. Ta cuɗa masa dama, ta cuɗa, ba ta yi hirar da ta saba ba. Ta tara ruwan, ta yafa gyale ta fita. Da ta dawo ƙwaryar ba komai. Sai a lokacin ya lura ƙwaryar sabuwa ce, ko gogewa ba ta yi ba.

Ganga ta tashi. Wannan karon kamar a bayan katanga ake bugawa. Yatsunsa na dama suka dunƙule, suka buɗe, su biyar ɗin.

Ya kira ta, ta zo ta tsaya nesa, idonta a ƙasa. Bai yi mata faɗa ba, tambaya ya yi. Ta fashe da kuka ta ce shekara biyu tana ɗaga shi tana kwantarwa, ba ta gaji ba wallahi, amma ta gaji da ganin ana wucewa ana yi masa dariya, ta gaji da jin shi yana nishi a kan taku arba'in. Ta ce, "Maigida, yau kasuwa ce. Baƙi ne za su bi ta can, ba mu san su ba."

Ya ce, "Allah ya san su. Miƙo mini sanda."

Ta durƙusa ta riƙe masa ƙafa, ta tuna masa abin da baƙon ya ce game da la'asar. Ya ce ya ji da kunnensa. Ya sake cewa ta miƙo sanda. Ta miƙa, ta zauna a wurin ta rufe fuska.

Daga gidan zuwa tsamiya ya fi taku arba'in sau goma. Ya wuce masallaci, iyakar duniyarsa ta shekara biyu. Rana na dukan kansa, ba kowa a waje. Ya faɗi a gwiwa, ya tashi, ya sake faɗuwa, sandar ta kuɓuce ta gangara kwari. Sauran tafiyar da gwiwar hannu ya yi ta, yana jan ɓarin da ya mutu kamar buhu. Gangar na gabansa tana kira, ba ta taɓa yin daɗi a kunnensa irin na ranar ba.

Da ya isa ya ga wurin. Ƙasa ko'ina fara ƙal da zafi, amma inda aka zuba ruwan baƙi ne wuluk, daga shingen nan zuwa wancan, rana ba ta taɓa shi ba. Ba sawu a kai, ba wanda ya riga shi. Ya yi hamdala. Sai ya tsaya tunani. Ya zauna a gefe ya riƙa gargaɗin masu zuwa? Da wane baki? Kafin ya haɗa kalma uku mai sauri ya wuce. Ba shi da ƙarfin binne wurin, ba shi da ƙarfin jawo ƙaya. Amma ya san abu ɗaya da ku ma kun sani: mutum zai tsallake ruwa a hanya bai ko duba ba, amma ɗan mutanenmu ba ya tsallake mutum a kwance. Tun muna yara ake dukanmu a kan haka.

Sai ya ja jiki ya hau wurin, ya miƙe ƙafafu, ya sauke bayansa a ƙasa. Bayan nan da ƙarti suka yi shekara goma sha tara suna nema. Wurin sanyi ƙalau kamar gindin rijiya, kuma tsawonsa daidai tsawon Arzika, ba ragi ba ƙari, kamar an auna.

Ya juya kai ya ga baƙon nan zaune a saiwar tsamiya, ganga a cinyarsa, gangar ba fata, amma tana ƙara.

Daga wajen fadama sai ga mutum tafe yana jan jaki. Barmo ne.

Baƙon ya ce a hankali, kamar a cikin kunnen Arzika, "Mirgina kaɗan, taku ɗaya ne. Wannan ai ya shiga fage da kai, har sau bakwai. Ba ka karya maganarka ba."

Ku saurara. Shaiɗan ba ya zo maka da ƙarya tsirara, da maganarka yake zuwa. Arzika ya ji ƙafarsa ta dama ta motsa, karon farko a shekara biyu. Ya tuna gara ta ci ka. Ya tuna ƙamshin fage bayan an yayyafa ruwa. Sannan ya ce, "Yau bai shigo ba. Kasuwa za shi."

Jakin ya toge tun daga nesa, ya ƙi gaba. Barmo ya saki igiya ya matso, ya tsaya a kansa yana dariya. "Yau wace rana. Kututture a ƙasa, kuma ba ni na kayar ba. Wa ya riga ni?"

Sau uku Arzika na maimaita bayani kafin Barmo ya gane. Da ya gane dariyar ta tsaya. Ya dubi baƙar ƙasar da ke leƙowa ta gefen haƙarƙarin Arzika, ya karkata kunne, ya ce, "Wa ke buga takenka? Mantau ai ya mutu." Ya waiga wajen tsamiya, bai ga kowa ba.

Suna cikin haka sai ga mata biyu sun ɓullo ta inda Barmo ya fito. Tsohuwa da kaya a kai, da yarinya mai tsohon ciki tana tafe tana dafe ƙugu. Yalwa ce, da gwaggon mijinta, an kawo ta goyon ciki gidan iyayenta. Sai bayan Juma'a biyu ake sa ran ta, amma ƙafafunta sun kumbura, aka ce gara a kawo ta yau da hanya ke da mutane. A daidai lokacin kuma Ige ta iso ta ɓangaren gari, da butar ruwa da sandar da ta tsinto. Uwa ta tsaya nan, 'ya ta tsaya can, uba na kwance tsakani.

Yalwa ta ce, "Baba, lafiya? Me ya kawo ka nan?" Ta ɗaga ƙafa za ta matso, ta ga ba wurin takawa sai ta kansa, ta ja da baya.

Barmo ya sunkuya, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce shi fa ba wucewa zai yi ba. Lambunsa za shi, ga ƙofar can kafin tsamiya, ganin mutum kwance ne ya sa ya ƙaraso. Ashe Yalwa, da ke gaba, ita ce za ta fara tsallakawa. Butar ta faɗi daga hannun Ige.

Barmo ya sa hannu ya yaye shingen ƙaya, ƙaya na tsaga masa tafi, ya buɗe hanya ta cikin gona. Ta nan Yalwa ta kewayo. Ta nan 'yan kasuwa suka riƙa kewayewa, masu nono, masu itace, masu tumaki. Wasu suka ce ciwon ya taɓa masa kai. Wasu suka tsaya kallon bayan Kututture a ƙasa don su ba da labari. Barmo ya tuɓe rigarsa ya ɗaura a sanda ya yi masa inuwa, duk wanda ya yi dariya ya ce masa in ya isa ya zo su kama.

Ige ta rarrafo wajen kan Arzika ta ce ita ta zuba, ita ya kamata ta ɗauka, ya matsa ta tsallaka. Ya ce in ta tsallaka wa zai riƙe wa Yalwa jego. Ya ce ta zauna ta yi istigfari, shi ma yana yi.

Azahar a kwance ya yi ta. Ya miƙa hagu ya dafa busasshiyar ƙasa ya yi taimama, ya yi sallarsa da nuni. Yana kabbara gangar na ƙara ƙarfi, har Yalwa ta toshe kunne ta ce kanta na sarawa. Yatsun dama suka daina motsi. Inuwar shinge ta fara tsawo. Sai ya ji hannun hagu, hannun da ya rage masa, ya fara yin nauyi, sanyin ƙasar na hawowa ta kafaɗa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa, ya Allah, naka ne duka biyun, in za ka karɓa ka karɓa daga gare ni, ni ke da kayan.

Daga cikin gari ladan ya ɗaga murya. Gangar ta tsaya a tsakiyar bugu, kamar an riƙe hannun mai bugawa. Arzika ya juya kai, saiwar tsamiya ba kowa. Ya ɗaga hannun hagu, ya ɗagu. Nauyin na kwanciya ne kawai. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta bushe fara kamar sauran.

Barmo ya miƙa masa hannu irin yadda ake yi a fage, ya tashe shi tsaye, ya juya shi, ya kakkaɓe masa ƙasar baya sosai da sosai a gaban mata da kowa. Ya ce, "Bakwai ka yi mini. Na rama ɗaya." Sannan ya ɗora shi a jaki.

Kada ku ce zan ce ya warke. Bai warke ba. Damar nan haka ya tafi da ita kabari, bayan shekara goma sha bakwai. Amma gangar ba ta ƙara kiransa ba, baƙon bai ƙara dawowa ba, bai kuma taɓa goranta wa Ige ba ko da wasa. Yalwa ta sauka lafiya. Kowace Juma'a Barmo ke zuwa da jaki ya kai shi masallaci, suna tafe suna gardamar kokawa ta huɗu, wadda Barmo ya rantse santsi ne ya ja shi. Da aka tambayi liman ko da gaske ruwan zai ɗauke ciwon, ya ce ba abin da ke tashi daga jiki ya koma wani sai da izinin Allah, amma niyyar da aka zuba a hanya gaskiya ce, kuma ita Arzika ya kwanta a kai.

To, 'ya'yana, ga abin da nake so ku tafi da shi. Haƙuri ba zama a jingine da bango kaɗai ba ne. Haƙuri shi ne a nuna maka ƙofar fita daga wahalarka, ƙofar ta bi ta kan wani, ka ce a'a. Mu nawa ne ke zuba ruwa a hanya kullum? Akuyarki ta kamu da ciwo, kin wanke mata ido kin aika kasuwa. Hatsinka ya ci ruwa, ka zuba mai kyau a sama. An ɓata maka rai a waje, ka shigo ka sauke a kan iyalinka. Muna cewa baƙo ne, ba mu san shi ba, ya faɗa kan mai uwa da wabi. Hanya ba ta tambayar suna. Wanda ke tafe a kanta ɗan wata ne, wata rana kuma naki ne. Kayan da Allah ya ɗora maka, ka nemi magani ta halal, ka roƙe shi sauƙi, amma kada ka ajiye shi inda wani zai taka. In kuwa wani naka ya riga ya zuba, ka je ka kwanta a kai, ko da za a yi maka dariya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya juriya, ya sa mu cika da imani. Ku tashi, an kusa kiran salla.